Ruwan da Hajiya Kulu Ta Hana Mu Kallo

Shekara ashirin da huɗu ina zuwa Kwatano sarin atamfa ban ga teku ba, kuma Hajiya Kulu ce ta hana ni. Ta rasu yanzu. Na je gaisuwa, na yi zaman kwana uku a gidanta na unguwar Mawre, har yau ina sa ta cikin addu'a. Amma wannan abu guda ban yafe shi ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don ku ji daɗi ba. Na ji yadda kuke ba jikokina labarin, wai Inna ta yi rigima da ƙawayenta a kan yawo aka kore ta daga ayari. Ba wanda ya kore ni. Ku karanta yadda aka yi, tunda Allah ya sa hannun nan ya koyi riƙon alƙalami kafin ya fara rawa.

Mu takwas ne a ayarin, dukanmu masu rumfar atamfa a kasuwar Wadata ta Yamai, Hajiya Kulu ce uwar tafiya. Doguwar mace ce ƴar Tawa, muryarta tana tsallake motoci uku a tasha. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma tana jin Zabarmanci da Dandanci da harshen mutanen bakin ruwa, ta san ƴan duwan, masu karɓar kuɗin fiton kaya, na Gaya da na Malanbil har da sunayen matansu. Ita ke magana, mu muna bayanta riƙe da buhuna. Alherinta ma ba zan ɓoye ba. Shekarar da na yi ɓari a Paraku, ta bar mota ta tafi da kayanta, ta zauna da ni kwana huɗu a likita, ta wanke mini zannuwa da hannunta. Kwano ɗaya muke ci, ɗaki ɗaya muke kwana a masaukinmu na Zango. Dokar da ta fi tsanantawa a kanta ita ce ta teku. Cewa take yi teku yana da ido, in mai kasuwa ta dube shi shi ma zai dube ta, ya wanke mata kasuwa tas, ya kuma shafi duk wadda ta ci kwano ɗaya da ita. Kullum tana kawo misalin wata ƴar Doso da ta leƙa, rumfarta ta ƙone kafin shekara ta zagayo. Babu wadda ta taɓa ganin matar nan a cikinmu, babu kuma wadda ta tambaya. Tafkin da ke gefen babbar kasuwa an yarda mu gani, wai shi ƙaramin ruwa ne. Amma duk lokacin da tasi za ta hau gada da mu, sai Hajiya ta ɗaga murya:

"Mata, arewa!"

Sai mu takwas mu ja mayafi, mu karkata fuska arewa kamar masu sallame salla, har a sauka. Haka na yi shekara ashirin da huɗu, ni da ba na barin namiji ya wuce gabana a layin famfo.

Ina da shekara hamsin da biyu na shiga lakol ta manya, a wani aji na yara nan Banifandu, bayan la'asar. Gwiwoyina ba su shiga ƙarƙashin tebur, sai in zauna a karkace. Cikin shekara ta biyu Mushe, malaminmu, ya rataye taswira a jikin allo, ya ce kowa ya zo ya nemo garin da ya sani. Na tashi na bi hanya da yatsa ina haɗa baƙaƙe: Doso, Gaya, Kandi, Paraku. Da na iso Kwatano sai na ga garin zaune daram a bakin wani shuɗi da ya cinye ƙasan takardar gaba ɗaya. Ashe a bakinsa nake kwana. Ƙasar Benin ɗin ma ƴar siririya ce, babban yatsana ya kusa rufe ta, ni da nake cewa na san ta kamar yunwar cikina. Ga sunaye kewaye da hanyar da ban taɓa ji ba. Ga Abome manne da Bohikon, inda motarmu ke tsayawa mu sayi abarba da burodi. Na tambayi Mushe me ke can. Ya ce gidajen sarakuna ne na ɗaruruwan shekaru, daga ƙasashe masu nisa ake zuwa kallo. Na koma na zauna, raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa rubuta aikin ranar.

Na jira damina, lokacin da ƴar'uwarku Ramatu ke samun babban hutu daga koyarwa. Muna cin tuwo bayan magariba na faɗa wa babanku.

"Malam, zan je Benin ni da Ramatu."

"To, Allah ya kawo kasuwa."

"Ba sari ba. Hutu zan je."

Ya tsame hannu daga kwano ya dube ni.

"Hutu? Rabi, yaushe gwamnati ta ɗauke ki aiki ban sani ba? Wa ya sa miki hannu a takardar?"

"Ni na sa. Na iya yanzu."

Babban yayanku, da ya zo gaisuwa ya tarar da tuwo, ya ce:

"Inna, a je har Kwatano a dawo hannu Rabbana? Mutanen Wadata za su ce kin karye."

"Su ce. Da na karye ai a ƙofarka zan fara tsayawa."

Babanku ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce in tafi, amma in zo masa da ruwan teku a kwalba, don shi bai yarda akwai gishirin da ba a saye ba.

Hajiya Kulu ba ta yi dariya ba. Har rumfarta na je na faɗa mata, don ban saba yin abu a bayan idonta ba. Tana ninke turmi, ba ta ɗago ba.

"Rabi, boko ya hau miki kai."

"Ya hau, Hajiya."

"Je ki ga gidajen sarakunansu, ki ga duk abin da ranki ke so. Amma ruwan nan, in kika dube shi, kada ki ƙara sa hannu a kwanonmu. Ba zan bari ki shafa wa mata bakwai ba."

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ni ma ina tsoro. Karatu ya ba ni baƙaƙe, bai cire mini ƴar Doso daga zuciya ba.

Muka tashi ni da Ramatu da ƴar jaka ɗaya. A tasha hannuna sai lalube yake yi yana neman buhu. A Bohikon muka sauka, motar ta wuce ta bar mu, na tsaya ina kallon bayanta kamar wadda aka manta. Tafiyar da ke tsakanin inda nake sayen abarba da Abome ba ta kai daga gidanmu zuwa filin jirgi ba. Jar ƙasa ce irin ta ginin kakanninmu, amma ban taɓa ganin an ɗaga ƙasa haka ba. Katanga mai kauri, mutum biyu su kwanta a kanta. Fili bayan fili, ƙofa bayan ƙofa, kowane sarki ya gina nasa gidan jikin na ubansa, har gidajen suka zama gari. A jikin bango sun fitar da siffofi da laka suka shafa launi: ga kifi, ga zaki, ga hawainiya, ga tulu mai huji da yawa. Mai yi mana bayani, wani dattijo mai farin gashi, ya ce kowace siffa maganar sarki ce, wanda bai iya karatu ba ma yana karanta bangon. Na ce wa Ramatu ta gaya masa da an kawo ni nan tun ina yarinya da ban jira shekara hamsin ba. Ya nuna mana kujerar sarki da aka ɗora a kan ƙoƙunan kan mutane, na yi a'uzubillahi. Sai kuma ya nuna bindigogi da adduna, ya ce na sojoji mata ne, mata zalla, su ke gadin sarki su ke shiga gaba a yaƙi. Na sa ya maimaita. Na matsa kusa da ƴar takardar da ke ƙasan gilashi na karanta kalmar mata da Faransanci da kaina, don kada a ce Ramatu ce ta ƙara gishiri.

A Porto Nobo na yi azahar a wani masallaci da na rantse coci ne. Ruwan ɗorawa da kore da ja, da ado a goshinsa kamar akwatin amarya. Aka ce jikokin bayin da suka dawo daga hayin teku ne suka gina shi, irin ginin da suka gani can. Na zauna a sashen mata bayan sallama na daɗe ina kallon sama. Wata tsohuwa ta miƙo mini hannu muka gaisa, ba harshen da muka haɗa sai salamu alaikum, ya kuma ishe mu.

Ganbiye kuwa gari ne a tsakiyar tafki, gidaje a kan sanduna, ba ƙasa ko ta shimfiɗa tabarma. Da ƙyar Ramatu ta sa ni cikin kwalekwale, na riƙe gefensa har yatsuna suka sandare. Da muka shiga sai na manta da tsoro, don kasuwa na tarar. Mata ne a kwalekwale, ɗaya da tumatir, ɗaya da itace, ɗaya da tukunya a kan wuta tana sayar da abinci, goyo a baya, tana tuƙi da hannu ɗaya tana miƙa canji da ɗayan. Har mai atamfa na gani, ta jera turame a leda. Na sa aka matsa da ni na taɓa kayanta, irin nawa ne sak. Mai tuƙa mu ya ce kakanninsu gudun masu kamun bayi ne ya kawo su, saboda mayaƙan wancan zamani addininsu ya hana su shiga ruwa. Na yi ta tunanin ƙarti da bindigogi tsaye a gaɓa, doka ta ɗaure musu ƙafa.

Wida muka bari ƙarshe, ni na ce a bar ta ƙarshe. Ɗakin macizansu ban shiga ba, na ce wa Ramatu wanda ya ajiye su ya gaishe su. Daga tsakiyar gari akwai hanyar yashi da ta miƙe kudu, ita aka bi da bayi zuwa jiragen ruwa. Masu babur suka yi ta kiranmu, na ce da ƙafa zan bi. A hanya aka nuna mana wurin wata bishiya da ake sa su kewayawa, maza sau tara mata sau bakwai, wai don su manta garinsu da sunan uwarsu. Aka ce har mutanen arewa an biyo da su nan. Na tsaya na ambaci sunan ƙauyenmu na ƙasar Maradi da ƙarfi, ban san dalili ba. Muka ci gaba. Can na fara jin wani ruri, na ɗauka manyan motoci ne a kan gada. Iska ta canja, ta yi nauyi, tana manne wa fata. Sai ga wata babbar ƙofa tsaye ita kaɗai a kan yashi, ba katanga ba gida. Ban ankara ba ashe hannuna ya riga ya ja mayafi, wuyana ya karkace arewa da kansa.

"Inna, in ba ki so mu koma. Ba wanda ya tilasta miki."

"Rufe mini baki."

Na tsaya a haka. Na tuna rumfata, na tuna kwanon nan, na tuna hannun Hajiya cikin ruwan wankina a Paraku. Sannan na ce bismillahi na saki mayafin.

Ƴaƴana, na iya rubutu amma ban iya rubuta wannan ba. Kogin Isa da muke taƙama da shi a Yamai yana da hayi, kana ganin mai wanki a wancan gefe. Wannan ba shi da hayi. Ruwa ne ya tafi, ya tafi, har ya haɗu da sama, ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba. Kuma ba ya kwance. Tasowa yake yi kamar katanga, ya naɗe, ya faɗi da ƙara, ya shimfiɗo farin kumfa har gabanka, ya ja da baya, wani ya taso. Ba mai tura shi, ba ya gajiya. Tun kafin a haifi kakata yake wannan aiki, duk daren da na kwana a Zango yana yi, ni ina bayansa da fuska a rufe. Na zauna a yashi. Ba abin da bakina ke iya faɗa sai Allahu akbar. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kukan da ban yi ba ko ranar da aka kai ni ɗaki. Da na samu kaina na cire takalmi na taka. Ruwan ya zo ya rufe mini idon sawu, da zai koma ya janye yashin ƙarƙashin ƙafata, na ƙwala ihu na cafke Ramatu, muka faɗi tare muna dariya. Na ɗanɗana. Na cika wa babanku kwalbarsa.

Bayan nan muka ƙara kwana biyu a Garan Popo, a wani ɗaki ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ban yi komai ba sai kallo. Da safe masunta suna jan taru daga teku, mutum ya fi arba'in a igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya. Mata na zaune da manyan kwanoni suna jira, fuskarsu a ruwan tun fitowar rana. Da taru ya iso suka tashi, ciniki ya kaure, kowace ta cika kwano ta ɗora a kai. Na ce a raina, waɗannan kullum suna dubansa yana dubansu, kuma shi ke cika musu kwano. Na ɗaure zane na kama igiyar ni ma, tafin hannuna ya yi kwana uku yana zafi.

Da muka shigo Kwatano ayarinmu yana gari, na san ranakunsu. Na ce sai na je na gaishe su. A ƙofar masauki Hajiya Mari ta tare ni, maƙwabciyar rumfata, wadda muka yi goyo tare muka yi yaye tare. Kallo ɗaya ta yi mini ta gane.

"Rabi, don Allah don Annabi, ki ce garuruwa kawai kika gani. Wa ya gan ki?"

Ramatu ma ta sa baki.

"Inna, ba sai kin yi ƙarya ba. Ki yi shiru kawai."

Muka shiga. An idar da azahar, sun kewaye kwanon shinkafa da miyar kifi. Hajiya Kulu ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ga yadda rana ta ƙona ni. Sai ta matsa gefe ta buɗe mini wurina na kullum, ta turo mini ruwan wanke hannu.

"Kin sha hanya, Rabi. Zauna ki ci."

Ba ta tambaye ni ba. Ku lura da wannan, don shi ne abin da kuke bari in kuna ba da labarin. Matar nan ta sani, ta kuma buɗe mini ƙofa. Da na wanke hannu na yi shiru, da har ta mutu ina ayarinta. Na dubi ruwan, na dubi fuskokin nan bakwai.

"Hajiya, kafin in sa hannu. Na dube shi. Na taka shi, na ɗanɗana."

Mari ta sunkuyar da kai.

"Ban tambaye ki ba."

"Na sani."

"To don me, ƴar nan?"

"Don ban taɓa ganin abin da ya kai shi ba, kuma ba zan zauna ina cin abinci da ku ina ɓoye shi kamar abin kunya ba. Yana nan bayan gidajen can. Ku tashi in kai ku, mu dawo kafin shinkafar ta huce."

Ba wadda ta motsa. Wata ta fara salati ƙasa-ƙasa. Hajiya Kulu ta daɗe tana kallona, idonta ya yi ja. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauko ƙaramin faranti, ta ɗebi shinkafa, ta zaɓi tsokar kifi mafi kyau ta ɗora, ta turo mini shi gefe, yadda ake yi wa baƙo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na cinye shi tas, don ba a raina abinci, na yi godiya, na kama hannun Ramatu muka fita.

Na biya, kada ku ɗauka ban biya ba. Shekara tara na ƙara ina wannan hanya ni kaɗai. Ƴan duwan sun taɓa riƙe mini kaya kwana biyu a Gaya, ina zaune a rana ayarin ya zo ya wuce. Zazzaɓi ya kama ni a mota ba mai jiƙa mini tsumma. Mari ta koma gaishe ni ta kan kafaɗa, ta daina aiko mini da furar azumi. Rumfata ba ta ƙone ba, ba ta kuma bunƙasa ba, yadda take haka ta ci gaba har na bar wa matar yayanku. Farantin nan na yafe shi tuni, tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron don mu take yinsa. Abin da ya tsaya mini shi ne shekarun, da kuma mata huɗu cikin bakwai ɗin da suka koma ga Allah, sun yi rabin rayuwarsu a bakin abin nan ba su gan shi ba.

A wani masauki dabam muka kwana ranar da muka bar su a kan kwanon nan. Da asuba na yi salla, na bar Ramatu tana barci, na nufi babbar kasuwa. Na wuce kai tsaye shagon matar da muke sari a wurinta, wata ƙatuwar mace mai zoben zinariya a kowane yatsa. Shekara ashirin da huɗu ina zama a bencinta, ba ta taɓa jin muryata ba. Ta leƙa bayana tana neman sauran, ta ce da gurguwar Hausarta:

"Ina mamanku?"

Na ajiye takalmi a bakin ƙofa, na zauna a kujerar da ke gabanta, ba a benci ba.

"Ba ta zo ba. Sunana Rabi. Sauko mini da wancan turmi mai zanen ganyen kuka in gani."